Fizgar Hannu: Littafin Atisayena a Garejin Rikkos

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Dabara ɗaya tak ta sa na buɗe wannan littafi, ita ce fizgar hannu. Ka kama hannun abokin karawarka, ka wuce da shi ta gabanka, kai kuma ka zagaya ka tsinci kanka a bayansa. Nauyina kilo 63. Ɗan kawuna da muke atisaye tare dakon buhunan dankali yake yi a Farin Gada, ya haura kilo 80, kuma tun muna yara in dai muka haɗa ƙirji da ƙirji shi ke kayar da ni. Hanyar da ƙaramin mutum zai bi ya kai bayan babba ba tare da ya ɗaga shi ba, ita nake nema.

Mu huɗu ne: ni, ɗan kawuna, wani ɗalibin Jami'ar Jos da ya taɓa koyon jujitsun Burazil (kokawar ƙasa ta shaƙa da murɗa gaɓa) a Abuja, da maƙwabcinmu bakanike. Mai koya mana tsohon ɗan kokawar zamani ne, Koci muke ce masa. Ya yarda zai riƙa zuwa Asabar da safe da Talata bayan la'asar. Kawu ya ba mu garejinsa da ke Rikkos, tunda ba mota a ciki. Matsalar kawai daɓen siminti ne, kuma Koci ya ce ba zai bari kowa ya faɗi a kansa ba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Mun tambayi kuɗin katifar roba mai haɗe-haɗe, ya fi ƙarfinmu. Sai muka yi irin ta talaka. Muka kewaye fili mita 4 da mita 5 da katako, muka zuba garin katako daga kasuwar Katako, muka tattake shi, muka ja tamfol a kai. Bakin tamfol ɗin ni na ninke na ɗinke a shago da zare mai kauri, don kada ƙusa ta yaga shi.

Tamfol ₦28,000. Garin katako buhu 14, ₦8,400. Katakon gefe ₦9,000. Ƙusa ₦1,200. Keke da dako ₦3,500. Jimla ₦50,100, muka raba huɗu.

Katifar gasa mita 12 ce kowane gefe, da'irar cikinta mita 9. Tamu ba ta kai rabin haka ba, saboda haka mutum biyu ne kawai za su riƙa shiga a lokaci guda.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau Koci ya warware mana dabarar dalla-dalla. Zan rubuta ta yadda ya nuna, a kan hannun dama na abokin karawa.

Hannuna na hagu ya riƙe wuyan hannunsa na dama, in ɗan tura shi ƙasa zuwa tsakiyar jikinsa. Hannuna na dama ya ƙetara, ya shiga tsakanin hannunsa da haƙarƙarinsa, ya tallabo bayan damtse can sama, kusa da hammata. Ba a matsewa da babban yatsa. Yatsu biyar a jere suke, tafin hannu ya lanƙwashe ya zama ƙugiya. Daga nan in ja damtsen zuwa aljihuna na dama, in saki wuyan hannun, ƙafata ta hagu ta taka waje da ƙafarsa ta dama, hannun hagu da ya sami 'yanci ya zagaye bayansa ya kamo ƙugunsa na can gefe. Ƙirjina ya manne da allon kafaɗarsa.

Abu biyu ya yi ta nanatawa. Na farko, kamu ya zama sama da gwiwar hannu. In ka kama ƙasa da ita, hannun ne kawai zai lanƙwashe, kafaɗa ba za ta juya ba, alhali kafaɗar ake so ta juya. Na biyu, gwiwar hannuna ta dama ta koma jikin haƙarƙarina bayan fizga, kada ta tsaya a iska.

Duk yau babu turjiya. Kowa ya ba ɗan'uwansa hannu yana maimaitawa a hankali. A haka abin yana da daɗi ƙwarai, har mutum ya ɗauka ya iya.

Talata, 12 ga Nuwamba

Maimaici, dama da hagu. Garin katakon ya fara gudu gefe, tsakiya ta yi rami. Mun ɗaga tamfol mun baje shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Koci ya ce a fara turjiya kaɗan, nan take komai ya rushe mini.

Ga yadda abin ke faruwa. Ina kama damtsen ɗan kawuna in ja, shi ko gezau. Hannunsa ya ɗan matso, amma ƙafafunsa na nan inda suke, ni ma nawa na nan inda suke. A wannan tsayuwar hannuna na dama yana kwance a gaban ƙirjinsa, daidai inda tafin hannunsa na dama zai tallabo nawa damtsen. Ba wanda ya koya masa, jikinsa ne ya gano. Sai ya mayar mini da fizgar, kafin in ankara yana bayana ya rungume ƙuguna. Haka aka yi ta yi har numfashina ya fara sama-sama, damtsena na dama ya yi tsami.

Koci ya tsayar da mu. Ya ce wa ɗan kawuna ya miƙa hannu ya ƙame iya ƙarfinsa. Koci ya haura shekara hamsin, gwiwarsa ɗaya ma ba ta da lafiya. Ya ɗora tafin hannu a bayan damtsen, ban ga ya ja wani abin kirki ba, sai ga shi a baya. Ya maimaita a hankali ya ce in bar kallon hannunsa, in kalli ƙasa. A nan na ga abin da ya ɓace mini. Ƙafarsa ta riga hannunsa tashi. Lokacin da tafinsa ke sauka a damtse, ƙugunsa ya riga ya bar layin da ɗan kawuna ke fuskanta. Ba mutumin yake jawowa ba, kansa yake ja zuwa bayan mutumin, hannun nan madogara ce kawai.

Ya ce da ni, "Tela, wanda ya fi ka nauyi ba ka matsar da shi. Kai za ka matsa."

A shago haka nake gaya wa yaran da ke koyon ɗinki. Ba a jan yadi da ƙarfi a ƙarƙashin allura, keke ne ke tafiya da shi, hannu shiryarwa kawai yake yi. Wanda ya ja, allura ta karye ko ɗinki ya karkace.

Sauran lokacin a kan taku muka ƙarar da shi. Hannuwa a goye a baya, ɗan kawuna a tsaye, ni ina taka hagu waje, dama ta biyo, in manna kunnena a allon kafaɗarsa. Koci ya ce in dai akwai tazarar da tafin hannu zai shiga tsakanin ƙirjina da kafaɗarsa, to akwai wurin da za a mayar mini da fizga.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na sayi tsohon tib na keke ₦500 wurin mai faci, na ɗaure a ƙarfen tagar shago. In aiki ya lafa sai in riƙe shi in yi takun, ina sa ƙafa ta riga hannu. Yaran shago sun fara kwaikwayo.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Sanyi ya sauko sosai. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, kuma da safe a garejin nan yatsu kan ƙage har sai an yi gudu an tsalle igiya. Koci ya tsawaita ɗumama jiki.

Darasin yau lokaci ne, wato yaushe ake fizga. Amsar ita ce lokacin da mutum ya kawo hannun da kansa. In ya miƙo zai dafa kafaɗata, ko zai kama ƙeyata, ko yana ture ni, nauyinsa ya riga ya zubo gaba, aikina in buɗe masa hanya ya wuce. In kuwa yana ja da baya, nauyinsa a diddige, fizga ba za ta ci ba ko da taku ya yi kyau. Don haka Koci ya koya mana tsokana: ka ture shi da ƙirji ko ka danna kafaɗarsa, shi kuma dole ya turo ya rama, a cikin ramuwar nan za ka ɗauke hannun. Ɗan kawuna mutum ne da ba ya yarda a ture shi ko taku ɗaya, kuma yau wannan halin nasa ne ya fara kai ni bayansa.

Baba mai shayi na bakin layi ya leƙo, ya zauna a kan benci yana kallo. Mutumin Gobir ne, ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, har yanzu ba ya barin labarin gasar takobi ta Nijar, wadda ake yi tun 1975, ya wuce shi, kuma in ya fara yabon Issaka Issaka na Dosso sai an tuna masa ruwan shayi na tafasa. Da ya ga abin da muke yi ya ce wannan ai ba baƙon abu ba ne. A fili, in ji shi, 'yan kokawa kan daɗe a sunkuye suna 'yar kama-kama da hannuwa, kowa na tsoron miƙa nasa da yawa, saboda wanda ya miƙa aka zare shi gefe ya ba da baya, wanda kuwa ya ba da baya ya sha kaye. Ya tashi ya kama hannuna ya nuna mini nasu: su sukan haɗa da taɗiya nan take, ba sa tsayawa rungumar ƙugu.

Na ce, "Baba, a sake nuna mini inda ƙafar ke shiga."

Ya ce, "Ɗana, bayan diddigensa, kafin ya sauke nauyi a kai. In ya sauke, ka makara."

Na ji daɗin wannan zama. Mu kan ɗauki kokawar katifa abin Turawa, ta yashi kuma ta ƙauye, alhali jiki ɗaya ne kuma dabarar ɗaya ce. Koci ya kawo misalin Daniel Igali, wanda ya taso da kokawar gargajiya a Bayelsa, ya je ya ci zinare wa Kanada a gasar Olamfik ta 2000 a ajin kilo 69, daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar kokawa ta Nijeriya. Nan Arewa muna da yara masu wannan tushe a kowace unguwa, katifa da mai koyarwa ne babu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kai wa baya daban, kayarwa daban. Yanzu ina isa bayan ɗan kawuna jefi-jefi, amma sai in tsaya rungume da ƙugunsa ban san abin yi ba, shi kuma ya danna hannuwana ƙasa, ya tura ƙugu gaba, ya ɓalle riƙon ya juyo.

A dokar kokawar Olamfik tsayawa a bayan mutum ba ta ba da maki. Sai ka kai shi ƙasa, gaɓoɓi uku sun taɓa katifa, kamar hannu biyu da gwiwa ɗaya, kana bayansa kana iko da shi, sannan a ba ka maki 2. In ka fitar da shi daga da'ira maki 1 ne. Wasan zagaye biyu ne, minti uku-uku, da hutun daƙiƙa 30. A salon Girka da Rum, inda aka hana kama ƙafa da taɗiya, fizgar hannu na cikin manyan ƙofofin shiga, tunda ƙasa da ƙugu haramun ne.

Koci ya ba ni hanya biyu. Ɗagawa ya ce in bar wa masu nauyi. Tawa ita ce in haɗa hannuwana a ƙasan cibiyarsa, can gefe ɗaya, in sa gwiwata a bayan tasa, in zauna da nauyina ina juyawa gefen da na toshe. Ta biyu ita ce taɗiyar Baba. Ta Baba ta fi shiga jikina.

Garin katako ƙari buhu 4, ₦2,400.

Talata, 3 ga Disamba

Taku, tsokana, taɗiya. Bakanike bai zo ba. An tashi da wuri saboda ɗinkin biki ya taru a shago.

Asabar, 7 ga Disamba

Na ji ciwo.

Saboda sanyi ɗan kawuna ya sa wata rigar sanyi ta gwanjo mai faɗin hannu. Muna cikin turjiya ya turo, na taka, tafina ya shiga bayan damtsensa daidai. Shi kuma ya fizge hannunsa baya da ƙarfi yana juyowa. Yatsana na zobe a hannun dama ya maƙale a ninkin rigar ta wajen hammata, sauran yatsun suka fita, shi ya tafi da rigar. Na ji ƙas a gaɓar tsakiya. Zafin bai zo nan take ba, sai da na zauna na ga yatsan ya fara cika, kafin a jima ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi ta gefen ƙaramin yatsa, ba ya lanƙwasuwa.

Ɗalibin ya ruga ya sayo ƙanƙara wurin mai sayar da lemo, muka naɗe a tsumma muka ɗora. Baba ya ce akwai mai ɗori a Gangare da ya sani, a je yanzu a ja yatsan. Koci ya ce, "Baba, a yi haƙuri, a fara ɗaukar hoto. In akwai tsagewa a gaɓa aka ja, yatsan zai ƙage har abada, kuma da shi yake cin abinci." Baba bai ji haushi ba, ya ce hoton ma ai ilimi ne.

Ɗan kawuna ya kasa haɗa ido da ni. Sai cewa yake, "Yaya, wallahi ban sani ba." Na gaya masa abin da ya yi shi ne daidai, haka ake kare fizga, kuma ranar da ya fara sassauta mini saboda tausayi ranar atisayena ya lalace.

Koci ya kafa doka daga yau: ba mai shiga tamfol da riga mai faɗi, ko mai aljihu, ko mai zif. Riga mai kama jiki ko singileti. Zobe da agogo a cire, farce a yanke. Mai jin sanyi ya ƙara gudu.

Litinin, 9 ga Disamba

An ɗauki hoton ƙashi. Babu karaya, targaɗe ne a jijiyar gefen gaɓa. An haɗe yatsan da na tsakiya da filasta, aka ce kada in kama komai da ƙarfi na 'yan makonni, amma in riƙa lanƙwasa shi a hankali da zarar kumburi ya sauka, don kada gaɓar ta sandare.

Kati da ganin likita ₦3,000. Hoto ₦7,000. Magani da filasta ₦3,800. Keke ₦1,200.

Asarar da ta fi wannan tana shago. Disamba ce, ga ɗinkin bukukuwa, ga na Kirsimeti na maƙwabta da abokan ciniki, kuma almakashi ba ya riƙuwa. Taka keke ina iyawa, yanka ne ya gagara. Na ɗauko wani abokin sana'a yana yi mini yanka ana biyansa kan kowace riga. Wata hajiya da ta ba da kafin alƙalami na kayan ɗaurin aure ta zo ta ga hannuna a naɗe, ta ce, "Malam, kai da iyali, me ya kai ka kokawa?" Na ba ta haƙuri na kuma yi mata alƙawarin ranar da ta sa ba za ta motsa ba. Tambayarta tana da nauyi, na kwana da ita. Abin da na tsayar shi ne zan ci gaba, amma daga yanzu yatsun dama a naɗe zan riƙa shiga, kuma a watan da aiki ya yi yawa ba turjiya mai ƙarfi.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ɗalibin ya zo gida dubiya, ya buɗe mini wasan Marcelo Garcia a YouTube, na ADCC ta 2003 a Sao Paulo, gasar duniya ta kokawar shaƙa da murɗa gaɓa. Ɗan Burazil ne, ba dogo ba, ba mai faɗin ƙirji ba, a lokacin ma ba a san shi sosai ba. A karawarsa da Vitor Ribeiro, wanda ake kira Shaolin, ya fizgi hannu, ya hau baya, ya shaƙe, cikin kusan rabin minti an gama. Ya ci ajinsa a wannan shekarar, ya sake ci a 2005 da 2007 da 2011, kuma yakan shiga ajin da ba a duba nauyi ya kara da manya.

Mun rage gudun bidiyon muna kallo. Abin da na lura da shi, ba ya riƙe wuyan hannu ya tsaya tunani. Taɓawa da tafiya lokaci ɗaya ne. Kuma in fizga ba ta kai shi baya ba, ba ya komawa ya sake shiri, yana zarcewa kan ƙafa ko ya sake fizga. Ni nakan yi ɗaya in tsaya in ga sakamako.

Hajiya ta karɓi kayanta jiya.

Asabar, 21 ga Disamba

Na je gareji, taku kawai na yi, hannu a goye. Wata matsala ta ɓullo: makero a wuyan bakanike da damtsen ɗalibin. Koci ya dakatar da su har sai ya warke, ya ce cuta ce da ke bin katifa da haɗuwar fata, kuma duk ɗakin kokawar da ba a wankewa sai ta shiga. Sun sayi man shafawa a kemis. Mun wanke tamfol da ruwan bilic muka shanya. Daga yau wanki kafin atisaye da bayansa, takalmi a bakin ƙofa, kowa da tawul ɗinsa, wanka da sabulu da an koma gida.

Bilic, bokiti da mofa ₦4,300.

Asabar, 28 ga Disamba

Ba atisaye. Koci ya yi tafiya.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na dawo kamu, yatsu a naɗe. Yatsan yana lanƙwasuwa kusan duka, da safe ne yake ɗan ƙagewa. Don in rage masa aiki na koma fizga da hagu, dama tana riƙe wuyan hannu sama-sama. Wani abin mamaki, ta hagun ta fi tsabta. Hannun hagu ba shi da ƙarfin da zai yi gardama da ɗan kawuna, don haka ƙafa ce ke yin aikin tun farko. Makonnin da na yi ina taku ba hannu su ma sun bar alama. Koci ya kalla ya gyaɗa kai, bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne.

Asabar, 11 ga Janairu

Ɗalibin ya warke, Koci ya ba shi fili ya nuna mana fizga daga zaune, irin ta 'yan jujitsu. Kana zaune, abokin karawa na durƙushe a gabanka, ƙafafunka a tsakanin cinyoyinsa. Kamun ɗaya ne. Bambancin, maimakon taku, ɗuwawu ne ke zamewa gefe, sannan ka dafa ƙasa ka taso ka hau bayansa. Hannu ɗaya ta saman kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, su haɗu a ƙirjinsa, diddige biyu su shiga cikin cinyoyinsa. A dokar jujitsu mai riga wannan hawan baya maki 4 ne in ka riƙe shi daƙiƙa uku.

In ka ja kana kwantawa da baya, mutumin kake jawowa kanka, mai kilo 80 kuwa in ya faɗo maka a ƙirji zance ya ƙare. Kafaɗa ta tsaya a gaban ƙugu, zamewa ta zama gefe. Ba wannan ce kokawar da na sa gaba ba, amma ta ƙara fayyace mini ta tsaye.

Talata, 14 ga Janairu

Hazo ya yi yawa, ƙura ta cika gareji. Mun yayyafa ruwa a ƙofa, an yi atisaye gajere.

Asabar, 18 ga Janairu

Koci ya sa agogo, zagaye na minti uku kamar na gasa, da ƙidayar maki.

Ɗan kawuna yanzu ya san fizgar kamar yadda na san ta. Ya daina miƙo hannu, gwiwoyin hannunsa a manne da ciki, da na taɓa damtsensa sai ya janye kafaɗa ya mayar da ƙafar hagu baya don ya fuskance ni. A zagayen farko ban sami komai ba, shi ya ture ni waje ya ɗauki makinsa.

A hutu Koci ya ce, "In ya janye hagu, me ya bari a gaba?"

A zagaye na biyu na danna kafaɗarsa, ya turo, na kai hagu bayan damtsensa na hagu kamar zan fizga. Ya janye wannan gefen da sauri, ƙafarsa ta dama ta rage a gaba ita kaɗai ɗauke da nauyi. Na sauke gwiwa na rungumo cinyar, kaina a jikin haƙarƙarinsa, na tashi da ita na juya, ya dafa ƙasa da hannu biyu, gwiwa ta bi, na zagaya baya. Maki 2. Da muka tashi hankalinsa ya koma kan ƙafafunsa, ya sauke hannuwa yana tare ƙasa, ya miƙo su gaba. Hannun da ya hana ni tun safe ya kawo shi da kansa. Na fizga, kunnena ya sauka a allon kafaɗarsa, ƙafata ta sami bayan diddigensa kafin ya sauke nauyi, muka tafi ƙasa ina sama.

Shi ya ci wasan duk da haka, 5 da 4, don a ƙarshe numfashina ya ƙare ya yi ta fitar da ni. Amma tun tasowarmu yau ne na kai shi ƙasa yana iya ƙoƙarinsa. Ya tashi ya rungume ni yana dariya, Baba na bakin ƙofa yana yi mini kirarin da ban taɓa ji ba.

Abin da na fahimta yau: fizga ita kaɗai, a wurin wanda ya san ta, ba ta isa ba. Sai tana da abokiyar tafiya. Tsoron kamun ƙafa ke buɗe hannu, tsoron fizga ke buɗe ƙafa.

Asabar, 25 ga Janairu

Lissafi zuwa yau. Kayan gareji gaba ɗaya ₦56,800, rabona ₦14,200. Jinyar yatsa ₦15,000, ban da abin da na biya mai yanka. Abin da muke haɗa wa Koci na kuɗin mota da sabulu ₦2,000 kowane mutum a mako.

Tamfol ya fara tsagewa a kusurwar ƙofa, zan yi masa faci ranar Litinin. Garin katako yana neman ƙari, kuma kafin damina dole a duba rufin gareji, don in ruwa ya shiga ƙarƙashin tamfol garin zai ruɓe.

Abin da ke gaba kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama a farkon Maris: numfashi na farko. Zan fara gudu da asuba Litinin da Alhamis, daga gida zuwa filin wasa na Rwang Pam in dawo. Na biyu, fizga da dama ta kamo ta hagu, yatsu a naɗe. Na uku, mayar da fizga, wato in koyi abin da ɗan kawuna ya yi mini a Nuwamba da gangan, ba da sa'a ba. Na huɗu, Koci zai gayyato wasu yaransa biyu masu nauyina daga Bukuru, don duk abin da na iya a kan mutum ɗaya na iya shi, kuma mai sauri ba zai ba ni lokacin da mai nauyi ke ba ni ba.

Yaran shago biyu sun roƙi a bar su su riƙa zuwa. Na ce sai iyayensu sun zo sun ga wurin sun yi magana da Koci. Mahaifin ɗaya ya ce zai zo ranar Talata bayan la'asar. Cikin azumi za mu mayar da atisaye bayan tarawihi, taku da maimaici kawai, ba turjiya.